Yadda Ake Komawa Gidan Kula da Yara: Daga Haɗa Jaka Har Shirin Fita

Wannan bayani na matashin da aka riga aka sanar da shi ne cewa zai koma zama a gidan kula da yara, wato gidan da ma'aikata ke riƙon yara da matasan da zama a hannun iyayensu bai yiwu ba a halin yanzu. Na daɗe ina tarbar sababbin zuwa a irin waɗannan gidaje, kuma abin da ke cin ransu kusan ɗaya ne: me zan ɗauka, wa zan tarar, za a karɓe mini waya, yaushe zan ga 'yan gidanmu. Ƙanena, da kai nake. Ƙanwata, duk inda na ce "kai" ki sa kanki a wurin.

Ka riƙe abu ɗaya tun kafin mu taɓa jaka. A gidan iyali, wanda ka kai wa kukanka da dare shi za ka tarar da safe. A nan ma'aikata karɓa-karɓa suke yi: masu safe su tashi, masu yamma su karɓa, masu dare su kwana. Abin da ke haɗa su shi ne littafin miƙa aiki da fayil ɗinka. Maganar da ta shiga rubutu tana isa kunnen wanda bai taɓa ganinka ba. Wadda ba ta shiga ba takan bi wanda ya ji ta gida idan ya tashi aiki. Rabin dabarar zaman nan ita ce ka iya sa maganarka ta shiga takarda.

Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kowane gida ma da tsarinsa. Amma akwai ma'auni biyu da zan riƙa ambato. Na farko Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ranar 20 ga Nuwamba 1989, wadda ƙasashe 196 suka ɗaure kansu da ita. Na biyu ƙa'idojin riƙon yaran da ba sa hannun iyayensu, waɗanda Babban Zauren Majalisar ya yi na'am da su a 2009. Ƙa'idojin 2009 ba doka ba ne mai tilas, amma da su ake auna gida mai kyau da mara kyau.

Kayan da za ka tanada

Takardu su ne kan gaba: takardar haihuwa, katin shaida ko fasfo in akwai, katin asibiti, katin rigakafi, sakamakon makaranta na baya-bayan nan, da kowace takardar kotu ko hukuma da ta shafi komawarka. Galibi jami'in jin daɗin yara mai kula da maganarka ne ke riƙe da su. Naka aikin shi ne ka tambayi wanda na asalin ke hannunsa, ka ɗauki hoton kowacce a waya.

Sai magani. Duk wanda kake sha, ka zo da shi a cikin kwalinsa, mai ɗauke da suna da yadda ake sha. Kada ka juye ƙwayoyi a leda ko ka haɗa su kwalba ɗaya don rage kaya. Ma'aikacin kirki ba zai ba ka ƙwayar da bai san ko mece ce ba, sai a koma neman likita, kai kuma ka tsallake sha. Tabarau, abin shaƙa na asma da na'urar ji su zauna a jikinka, kada su shiga ƙasan jaka.

Tufafin mako guda sun isa, da kayan makaranta, da takalmi, da kayan wanka irin wanda ka saba. Ƙanwata, ki zo da audugar mata ta 'yan kwanaki. Gidan zai ba ki, amma roƙon ta a wurin mutumin da kika haɗu da shi yau ba abu ne mai sauƙi ba.

Lambobin wayar mutanen da ka damu da su, ka rubuta su a takarda. Waya takan ɓace, takan mutu, akan kuma ajiye ta a ofis da dare. Ka haɗa da caja, da ƙaramin littafi da biro. Littafin nan zai yi ta dawowa a cikin wannan bayani, kada ka raina shi.

Ka ɗauki abu ɗaya ko biyu masu ƙamshin gida: bargo, rigar matashin kai, hotuna, abin ibadarka. Samari sukan ji kunyar wannan su bar shi, sai dare ya yi su gane amfaninsa. Kuma ka nemi a ba ka jaka ko akwati na gaske. Bai dace a kwashe kayan mutum a ledar shara ba, kuma ba rashin kunya ba ne ka faɗa.

Abin da za ka bari: kayan tsada da ba ka bukata kullum, wuƙa ko wani abu mai kaifi, ashana, taba da duk abin maye. Za a karɓe su a bakin ƙofa, kuma su ne za su zama abu na farko da aka rubuta a kanka.

In komawar ta gaggawa ce, ba a ba ka damar haɗa komai ba, ka ɗauki magani da waya da abin da ke kusa. Da ka isa, ka rubuta jerin abin da ka baro da inda kowanne yake, ka ba jami'inka, ka tambaye shi ranar da za a ɗauko. Gidan ne ke da alhakin ba ka tufafi da kayan wanka kafin nan.

Mataki na 1: Ka san dalili, ka san wa ke da iko

Kafin ranar tafiya ka zauna da jami'inka ka yi masa tambaya huɗu. Me ya sa aka zaɓi wannan gida? Wa ya yanke shawarar, kotu ce, hukuma ce, ko da yardar iyayenka aka yi? Zaman na ɗan lokaci ne ko mai tsawo? Me ake so ya canza kafin a yi maganar komawarka gida? Rubuta amsoshin da kwanan wata.

Ta biyun ta fi nauyi, domin ita ke nuna wanda zai sa hannu idan makaranta za ta yi tafiya da ku, ko likita zai yi maka aiki, ko kana son kwana a gidan aboki. Wanda bai san wannan ba yakan yi ta fushi da ma'aikaci a kan abin da ba shi da ikon yarda da shi.

In aka ce maka "sai mun gani", ka ce to yaushe za a zauna a gani. Kwanan wata kake nema.

Idan kana da ƙanne ko yayye da su ma za a ɗauke, ka yi maganarsu yanzu. Ƙa'idojin 2009 sun ce kada a raba 'yan'uwan da suka shaƙu sai da dalili mai ƙarfi, in kuma an raba su a bar musu hanyar saduwa. Haka nan ka tambaya ko gidan na buɗe ne ko irin wanda ake kulle ƙofa. Gidan kula da yara daban, gidan gyaran hali daban, kuma tsare yaro a kulle yana da tasa dokar. Mafi yawan waɗanda ake kaiwa gidan kulawa ba laifi suka yi ba, manya ne abubuwa suka fi ƙarfinsu.

Mataki na 2: Ka je ka gani kafin ka tare

Gani ya kori ji. Ka roƙi a kai ka ziyara, ko da ta awa ɗaya ce. Za a nuna maka falo da ɗakin da aka gyara, wannan ba ya gaya maka komai. Ka duba waɗannan: yaran gidan suna shiga kicin su ɗebi ruwa ba tare da neman izini ba? Ma'aikata suna zaune tare da yara, ko suna ofis ƙofa a rufe? Ƙofar banɗaki tana da sakata? Akwai inda za ka kulle kayanka? Ka tambayi yawan yaran da shekarunsu, da ko ɗakin naka ne kai kaɗai. Gida ƙarami, mai kama da zaman iyali, shi ne abin da ƙa'idojin suka fi so, ni ma a nawa ganin ya fi sauƙin sabo.

In ziyara ba za ta yiwu ba, ka nemi hotuna ko kiran bidiyo, da ɗan littafin da gidaje da yawa ke ba sababbin zuwa. Mafi ƙaranci a gaya maka sunan ma'aikaci ɗaya da zai kasance a bakin aiki ranar da za ka iso.

Mataki na 3: Ranar tarewa

In kana da ta cewa a kan lokaci, ka zaɓi da rana, a tsakiyar mako. Wanda ya iso da yamma a jajibirin ranakun hutu yakan tarar an rufe ofisoshi, jami'insa ba ya ɗaukar waya, duk abin da aka manta sai bayan kwana biyu. Kana iya neman wanda ka yarda da shi ya raka ka. Ƙa'idojin sun ce a yi wannan rakiya cikin lallami, kuma a bisa ƙa'ida ba da masu kayan sarki ba.

Za a zauna da kai a rubuta jerin kayanka. Aikin yana da gajiyarwa, amma kada ka ce a bar shi. Ka tabbata an rubuta waya da irinta, da kuɗin da ka zo da su, ka nemi kwafi. Ranar da wani abu ya ɓace, wannan takardar ce shaidarka. Duk abin da aka miƙo ka sa hannu, ka karanta tukuna, in karatun ya yi maka wuya ka ce a karanta maka.

Za a karɓi maganinka a kulle a kabad, a riƙa ba ka a kan lokaci ana rubutawa. Kowa haka ake yi masa, saboda akwai wasu yaran a gidan. Abin shaƙa na asma da irin maganin gaggawa kuwa, ka nemi a bar shi kusa da kai, a rubuta an yarda.

Yau ne kuma ranar faɗin abincin da jikinka ba ya karɓa, da wanda addininka ya hana ka, da lokutan ibadarka, da sunan da kake so a kira ka da shi. Sashe na 20 na Yarjejeniyar ya ce a yi la'akari da addini da al'ada da harshen yaron da aka ɗauke daga gida. Ka faɗa, sannan ka ƙara da cewa, "Don Allah a rubuta, masu gobe su gani."

Kafin dare ka sa a nuna maka ƙofofin fita idan gobara ta tashi, da inda mai aikin dare yake zama.

Mataki na 4: Daren farko

Ba lalle ka yi barci ba, kuma wannan ba alamar komai ba ce. Kowane gida da ƙararsa: famfo, ƙofa, takun mai dare, wani yaro yana waya ko yana kuka. Abin da ya fi razana sabon zuwa shi ne leƙe. A gidaje da yawa masu dare sukan leƙa ɗaki su tabbatar kana lafiya, musamman a kwanakin farko. Ka tambaya tun da yamma: za a leƙo, sau nawa, za a ƙwanƙwasa? In buɗe ƙofa cikin duhu yana tayar maka da wani abu da ya taɓa faruwa da kai, ka faɗa. Ba sai ka ba da labarin ba. Ya isa ka ce ba ka so a shigo ba sallama.

In kana barin fitila a kunne, ka bar ta. In fitsarin kwance yakan kama ka, ko mugun mafarki, ka raɗa wa ma'aikaci ɗaya, a ajiye maka zanin gado na canji a ɗaki. Wallahi ba kai ne na farko ba, manyan samari ma yana samun su idan hankali ya tashi. Ɓoye jiƙaƙƙen zani a ƙarƙashin gado shi ke tona asiri, saboda wari.

Kada ka yanke wata shawara da dare. Tunanin tsallake katanga a daren farko ko na biyu yake zuwa. In ka fita ba a san inda kake ba, dole ma'aikata su sanar da jami'inka, galibi har da 'yan sanda, daga nan kuma a ƙara tsananta sa ido a kanka. In ɗakin ya yi maka ƙunci, ka sauko ka zauna kusa da mai dare. Ba dole ka ce masa komai ba.

Mataki na 5: Ka gane waye wane

Akwai shugaban gida. Akwai ma'aikatan karɓa-karɓa, a cikinsu za a ware ɗaya a ɗora masa alhakinka: shi zai riƙa zama da kai, ya bi maka maganar makaranta da asibiti, ya rubuta rahotonka. Akwai jami'in jin daɗin yara, wanda ba a gidan yake aiki ba, yana zuwa ne lokaci-lokaci, amma manyan shawarwari ta hannunsa suke bi. A wasu ƙasashe akwai mai magana da yawun yaro, wanda ba ya ƙarƙashin gidan, aikinsa ya faɗi abin da kake so ko da shi bai ga dacewarsa ba. Sai masu duba gidaje, waɗanda ya kamata su riƙa zuwa har da zuwan ba-zata su gana da yara. Rubuta sunan kowa da lambarsa a littafinka.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne zagaye: wannan ya ce a'a, ka je wurin wancan, har ka samu mai cewa to. Sau ɗaya yake ci. A wurin miƙa aiki za su haɗa zancen, daga ranar kowa ya riƙa ce maka "bari in tambaya".

In jininku bai haɗu da wanda aka ɗora wa alhakinka ba, ka ba shi 'yan makonni. In abin ya ƙi, ka gaya wa shugaban gida kana son canji. Ana yi.

Mataki na 6: Dokokin gida, da iyakarsu

Za ka tarar da lokacin tashi, na cin abinci, na dawowa gida, na ajiye waya, da rabon aikin gida. Ka nemi a ba ka su a rubuce, tare da abin da ke biyo bayan karya kowacce. Wasu dokokin na kowa ne, ba sa motsi. Wasu kuwa naka ne kai kaɗai, an ɗora su bisa abin da aka karanta a fayil ɗinka kafin a san ka, kuma su ake sassautawa idan aka ga kana dawowa a kan lokaci kana ɗaukar waya in an kira. Ka tambayi wacce ce wacce, don kada ka ɓata ƙarfinka a kan wadda ba za ta canza ba.

Su ma ma'aikata suna da iyaka. Ƙa'idojin 2009 sun hana duka, da wulaƙanci, da kulle yaro shi kaɗai a ɗaki da sunan horo. Sun ce kada a taɓa mayar da hana ganin dangi ya zama hukunci. Riƙe yaro da ƙarfi ba ya halatta sai in babu wata hanyar kare shi ko wani daga rauni, kuma ba a ba yaro maganin kwantar da shi sai ƙwararren likita ya duba ya rubuta. In an taɓa riƙe ka, ka nemi a rubuta abin da ya faru, a rubuta naka bayanin kusa da nasu. Binciken ɗaki yakan faru idan ana zargin akwai abu mai haɗari. Ka nemi a gaya maka dalili, a yi kana wurin.

Mataki na 7: Zama da sauran yara

Kowa a gidan da abin da ya kawo shi. Kada ka tambaya, kada kuma ka zazzage naka labarin a makon farko. Wanda ya fi kowa jan ka a jiki ranar farko ba lalle ya zama abokin ba, kuma labarin da ka bayar cikin daɗin hira shi ake jifanka da shi ranar faɗa. Ka tanadi amsa gajera: "Abubuwa ne suka rikice a gida." Ta isa.

Kada ka ara, kada ka ba da aro, musamman waya da kuɗi da tufafi. Kada ka riƙe wa kowa ajiyar abin da ba ka san ko mene ne ba, a ɗakinka za a same shi. Kada ka sa hoton wani yaro ko adireshin gidan a intanet, wani ɓoye shi aka yi daga mai nemansa da sharri.

Za a gwada ka, a ɗauki kujerarka ko a yi maka baƙar magana a ga yadda za ka yi. Wannan yakan wuce. Wanda ba ya wucewa, irin tsangwama kullum, ƙwace, barazana, ko taɓa jikinka, ba a haƙuri da shi. Ka faɗa a ranar. Haka nan babban mutum na waje da ya fara yi maka kyauta yana cewa kada ka gaya wa ma'aikata. Masu lalata yara sun san gidajen nan, kuma da kyauta suke farawa.

Mataki na 8: 'Yan gidanku

Sashe na 9 na Yarjejeniyar ya ba yaron da aka raba da iyayensa haƙƙin ci gaba da hulɗa da su a kai a kai, sai in hakan zai cutar da shi. Yadda za a yi yana cikin tsarin kulawarka, wato takardar da aka rubuta yadda za a kula da kai: wa za ka gani, a ina, sau nawa, kai kaɗai ko da ma'aikaci a gefe. Ka sa a rubuta kaka, da ƙanne, da kawu ko gwaggo, da duk wanda ke da muhimmanci a wurinka. Sunan da ba ya cikin takarda, ranar da ya zo ƙofa za a iya mayar da shi.

Kana da damar cewa ba ka son ganin wani. Ka kuma shirya wa abu biyu. Wata rana za a yi alkawarin zuwa ba a zo ba. Wata rana kuma za a zo, a yi hira lafiya, amma da dare ka ji kana neman wanda za ka yi faɗa da shi. Ka gaya wa ma'aikata tun da wuri abin da ke taimakonka a irin wannan dare, ko a ƙyale ka, ko a fita da kai ka sha iska.

Mataki na 9: Makaranta, asibiti, kuɗi

In zai yiwu ka ci gaba da makarantarka ta da, ka dage a kai, canjin gida da na makaranta a lokaci guda yana da nauyi. Ka tambayi malaman da aka sanar, sauran ɗalibai ba sai sun sani ba. Za a kai ka likita ya duba ka, har da ido da haƙori, kuma kana iya neman ganinsa kai kaɗai. Gidaje da yawa suna ba da kuɗin kashewa da na tufafi, wasu suna yi wa yaro ajiya. Ka tambayi nawa ne, wace rana, kuma ina ake rubuta ajiyar.

Mataki na 10: Fayil da sirri

Kullum ana rubutu a kanka: ka ci abinci, ka je makaranta, ka yi fushi, ka yi dariya. Da farko abin yana da ciwo. Amma tunda za a rubuta ko ka so ko ka ƙi, gara ka sa hannunka a ciki. Ka nemi a riƙa karanta maka rahoton. In an rubuta "ya ƙi cin abinci" alhali cikinka ke ciwo, ka ce a ƙara. Ba za a goge nasu ba, amma za a sa naka, kuma wanda zai karanta bayan shekara biyu zai ga duka biyun. Wasu shafukan da suka shafi sirrin wasu mutane ba za a nuna maka ba.

Game da sirri, ma'aikacin gaskiya ba zai yi maka alkawarin rufe duk abin da ka gaya masa ba. In maganar ta nuna kai ko wani yana cikin haɗari, dole ya kai ta gaba. Kafin ka buɗe baki kana iya tambaya, "In na gaya maka abu kaza, wa za ka gaya wa?" Wanda ya ce maka "tsakaninmu ne, ba mai ji", shi ne abin tsoro.

Mataki na 11: Zaman bita

Wannan shi ne zaman da ake duba ko gidan ya dace da kai, da abin da za a yi nan gaba. Sashe na 25 na Yarjejeniyar ya wajabta a riƙa yin sa lokaci-lokaci, ƙa'idojin 2009 kuma sun fi son a yi aƙalla duk wata 3 ga wanda zamansa na ɗan lokaci ne. Sashe na 12 ya ce a saurari ra'ayin yaro a duk abin da ya shafe shi, a ba shi nauyi daidai da shekarunsa da hankalinsa. Saurare ba ya nufin za a yi duk yadda ka ce, amma in an saɓa maka ka nemi dalili.

Matasa da yawa sukan ƙi shiga, su ce manya ne ke surutunsu. Na fahimci haka, ɗaki cike da mutane ana karanta rayuwarka ba daɗi. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ba ka nan kuwa da zato za a yi gyaran.

Ga yadda ake shiri. Mako guda kafin zaman, ka buɗe littafinka ka fitar da abu uku kacal: ɗaya da ke tafiya daidai, ɗaya da kake so a canza, ɗaya da aka yi alkawari ba a cika ba, da ranar da aka yi alkawarin. Ka tambayi waɗanda za su halarta, in akwai wanda ba ka son yin magana a gabansa ka faɗa tun kafin ranar. Ka nemi ganin rahoton da za a karanta, kada ka fara jin sa a bainar jama'a. A cikin zaman, duk abin da aka amince ka tambaya: wa zai yi, zuwa yaushe? "Za a duba" ba ta da mai ita. Bayan zaman ka karɓi kwafin abin da aka yanke.

In ba za ka iya zama ba, ka rubuta wasiƙa a karanta, ko ka ɗauki muryarka a waya, ko ka shiga minti goma na farko ka fita, ko ka gana da shugaban zaman kai kaɗai kafin a fara.

Mataki na 12: Idan abu ya lalace

Ƙaramar matsala ka fara da wanda ke da alhakinka. In ba ta warware ba, shugaban gida. In da shi ne matsalar, jami'inka, ko mai magana da yawunka, ko masu duba gidaje. Ya kamata kowane gida ya kasance da hanyar kai ƙorafi da yara suka sani, ka tambaye ta tun ba ka bukace ta ba. Ka rubuta ƙorafin: me ya faru, yaushe, wa ya gani, me kake so a yi. Ka riƙe kwafi, ka tambayi ranar amsa.

In cutarwa ce, duka ko lalata ko barazana, babu bin matakala. Ka gaya wa babba na farko da ka yarda da shi, ko malami ne ko likita, ko ka kira layin taimakon yara na ƙasarku ko 'yan sanda. In na farko bai ɗauki mataki ba, ka gaya wa na biyu a ranar.

Mataki na 13: Shirin fita

Wasu sukan koma gida, wasu wurin dangi ko wani iyali mai riƙo, wasu su zauna har su girma. A ƙasashe da yawa riƙon yana ƙarewa ne a shekara 18, wasu kuma suna ci gaba da tallafi bayan nan. Ka tambayi yadda dokar ƙasarku take tun kana da sauran shekara biyu, kada ka bari sai saura wata biyu. Ƙa'idojin sun ce a fara shirin da wuri, in da hali a ware mutum guda da zai taimaka maka ka tsaya da ƙafarka.

Kafin lokacin ka sa a koya maka girki, wanki, tsara kuɗin wata, neman ganin likita da kanka, da cike takardar neman aiki ko makaranta. A gidan nan kusan komai ana yi maka, shi ya sa rashin iya su ba ya bayyana sai ka fita. Ka riƙa tara hotuna da takardun yabo na makaranta, gidaje da yawa suna taya yaro haɗa littafin tarihin rayuwarsa.

Ranar tafiya ka fito da jerin kayan da aka rubuta ranar da ka zo, ku bi shi ɗaya bayan ɗaya. Ka karɓi takardunka na asali, da bayanin lafiyarka, da lissafin ajiyarka, da maganin da zai kai ka har ka ga sabon likita. Ka tambayi ofishin da fayil ɗinka zai koma, da yadda ake neman ganinsa bayan shekaru, ka rubuta sunan ofishin da lambarsa.